Wace manhaja zan yi amfani da ita in fito da localhost ɗina intanet?

Tambaya: "Ina gina wa wani shafin sayayya, yana gudana a kwamfutata a localhost:3000. Mai aikin yana nesa, yana son ganin inda na kai. Na tura masa adireshin, ya ce bai buɗe ba. Haka kuma ina son gwada sanarwar da kamfanin biyan kuɗi ke turowa idan ciniki ya faɗa, da kuma wurin ɗaukar hoto a waya. Wasu sun ce ngrok, wasu Cloudflare, wasu Tailscale. Wanne ya fi?"

Amsa: Malam, buƙatu uku ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma kowacce da maganinta. Amma bari mu fara da dalilin da ya sa adireshin bai buɗe masa ba, don idan ka gane wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Kalmar localhost ba sunan kwamfutarka ba ne. Ma'anarta "wannan na'urar da nake kai", kuma tana nuni ne ga adireshin 127.0.0.1, wanda kowace kwamfuta da kowace waya ke da nata. Da mai aikin ya danna abin da ka tura masa, burauzarsa ƙofa (wato port) ta 3000 ta wayarsa ta je ta ƙwanƙwasa, ta tarar ba kowa. Ko da ka ba shi adireshin da rautar gidanka ta ba kwamfutar, irin mai farawa da 192.168 ko 10, ba zai kai gare ka ba, domin waɗannan adireshin cikin gida ne, ba a bi da su a kan intanet. Adireshin IPv4 gaba ɗaya kusan biliyan 4.3 ne, hukumar IANA mai rabon su kuwa ta raba na ƙarshen da ke hannunta tun watan Fabrairun 2011. Shi ya sa ake cusa na'urori da yawa a bayan adireshi guda, abin da ake kira NAT. A tsarin NAT, kai kana iya fita ka nemi abu a dawo maka da amsa, amma baƙo ba ya iya fara sallama daga waje. A da akan shiga saitin rauta a buɗe ƙofa a karkatar da ita zuwa kwamfutar. Yau wannan dabarar ba ta ci a wurare da yawa, saboda kamfanonin sadarwa, musamman na layin waya, sun ƙara wani NAT ɗin nasu a saman naka. Idan ka duba rautarka ka ga adireshinta na waje yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan irin wannan, kuma babu saitin da za ka taɓa a gidanka da zai buɗe hanyar.

Duk manhajojin da aka lissafa maka dabara ɗaya suke yi. Tunda fita ba a hana ka ba, sai ƙaramar manhaja a kwamfutarka ta fita ta kama hannun wani sabar da ke da adireshi a fili, ta riƙe ba ta saki ba. Wanda ke son ganin shafinka sai ya je wurin wancan sabar, shi kuma ya zuro buƙatar ta cikin haɗin da ka riga ka buɗe, ta faɗo kan ƙofa ta 3000. Masu sana'ar na kiran abin tunnel, ni zan riƙa cewa bututu. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne: sabar na tsakiyar na waye, wa aka yarda ya shigo, adireshin yana canzawa ko yana nan daram, kuma wa ke iya karanta abin da ke wucewa.

Buƙatarka ta waya ma ba ta neman bututu ko kaɗan. Idan wayar da kwamfutar suna kan Wi-Fi ɗaya, ka tashi sabar ɗin ya saurari 0.0.0.0 (wato ya karɓi buƙata daga wasu na'urori ma) a maimakon 127.0.0.1, misali a manhajar gina shafi ta Vite ka ƙara --host, sannan ka buɗe adireshin 192.168 ɗin a wayar. Shafin zai buɗe, amma kyamarar za ta ƙi. Burauza ba ta ba shafi izinin kyamara, makirufo ko sanin wurin da mutum yake sai ta HTTPS, wato rufaffiyar hanya, in ban da localhost da aka yi wa rangwame. Idan Android ce, ka jona ta da kebul, ka kunna saitin masu gina manhaja, ka buga adb reverse tcp:3000 tcp:3000. Daga nan localhost:3000 na wayar ya zama na kwamfutarka, kyamara ta yi aiki, kuma ko baiti ɗaya bai fita intanet ba. Mutane da yawa na buɗe aikinsu ga duniya baki ɗaya don kawai su gwada maɓalli guda a wayar da ke aljihunsu, alhali ga wannan.

Sai batun sanarwar biyan kuɗi, wato webhook. Nan ne ngrok ya yi wa sauran fintinkau, kuma shi nake ba da shawara. Alan Shreve ne ya rubuta shi a 2013 da yaren Go, ya zama kamar sunan abin gaba ɗaya. Za ka buɗe asusu, ka saka lambar shaidar da za su ba ka sau ɗaya, sannan ka buga ngrok http 3000, sai ga adireshi mai HTTPS. Abin da ya sa na fifita shi a wannan aikin ba bututun ba ne, kowa na da bututu. Shafin bincikensa ne, wanda ke buɗewa a 127.0.0.1:4040. A can za ka ga kowace buƙata da ta shigo, da kanta (header) da jikinta, da amsar da manhajarka ta mayar, kuma akwai maɓallin sake turo ta. Ka kwatanta: kamfanin biyan kuɗi ya turo sanarwa, manhajarka ta faɗi saboda ka ɗauka adadin kuɗin lamba ne ashe rubutu ne. Ba tare da wannan shafin ba, sai ka koma ka sake cika kwandon sayayya, ka sake biya da katin gwaji, ka jira. Da shi kuwa, ka gyara layin, ka danna maɓalli, sanarwar nan dai ta sake shigowa. Gani ya kori ji. Na sha warware rikicin sa hannun webhook, wato lambar da ke tabbatar da cewa daga kamfanin saƙon ya fito, cikin mintuna kaɗan saboda kawai na ga ainihin jikin saƙon da idona, na gane cewa manhajar tana sake tsara JSON ɗin, wato tsarin rubutun saƙon, kafin ta lissafa sa hannun, alhali a kan ɗanyen saƙon ake lissafawa.

Asusun kyauta na ngrok yana ba ka adireshi guda da ba ya canzawa, wanda ke da muhimmanci a nan, don ba za ka so kullum da safe ka koma shafin kamfanin kana sauya inda za a turo sanarwa ba. Yana da iyaka a kan yawan buƙatu da nauyin bayanan da za su wuce a wata. Kuma duk wanda ya buɗe adireshin da burauza zai fara cin karo da shafin gargaɗi kafin ya wuce, saboda 'yan damfara sun daɗe suna amfani da irin waɗannan adireshin wajen kafa shafukan bogi. Gargaɗin ba ya tare webhook. Inda yake cizo shi ne idan JavaScript ɗinka na kiran adireshin daga burauza, sai ya karɓi shafin gargaɗi a maimakon JSON, ka rasa gane abin da ke faruwa. Maganinsa ka ƙara ngrok-skip-browser-warning a cikin header ɗin buƙatar.

Kafin ma ka je nan, duba ko kamfanin da kake aiki da shi yana da tasa hanyar. Kamfanin biyan kuɗi na Stripe, misali, yana da umarnin stripe listen --forward-to da ke jawo sanarwar kai tsaye zuwa kwamfutarka ba tare da an buɗe komai ga jama'a ba. Masu gwada sanarwar GitHub kuma suna da smee.io. In akwai irin wannan, shi ya fi.

Yanzu mai aikin da ke son gani. Idan kallo ne na rabin awa kuna waya, mafi sauri shi ne cloudflared tunnel --url http://localhost:3000. Ba asusu, ba rajista, sai ya ba ka adireshi mai kalmomi barkatai a ƙarƙashin trycloudflare.com, ba kuma shafin gargaɗin da zai tsorata mutumin da bai san harkar ba. Da ka rufe, adireshin ya tafi ke nan. Wannan na wucin gadin yana da iyakar buƙatu 200 a lokaci guda, kuma ba ya ɗaukar SSE, wato idan shafinka na kwararo amsa kaɗan-kaɗan ta wannan hanyar za ka ga ya tsaya cik. Idan kana da sunan yanki naka da Cloudflare ke riƙe da DNS ɗinsa, wato kundin da ke haɗa suna da adireshi, kana iya kafa bututu mai suna na dindindin, ka sa Cloudflare Access a gabansa, yadda sai wanda ka rubuta imel ɗinsa ne za a aika wa lambar shiga. Tun 2021 suka mayar da bututun kyauta, lokacin ana kiransa Argo Tunnel. Ga aikin da zai ɗauki makonni ana dubawa, wannan tsarin ya fi kwanta mini a rai.

Idan da VS Code kake rubutu, akwai wani a cikinsa tun 2023, a sashen Ports. Ka shiga da asusun GitHub, ka saka 3000, ya ba ka adireshi. Abin da na yaba masa shi ne a rufe yake zuwa: sai mai asusunka ne zai iya buɗewa har sai ka mayar da shi na jama'a da hannunka. Da haka ya kamata a ce duka suke.

Tailscale kuwa wata halitta ce daban. Asalinsa hanyar sadarwa ce ta sirri tsakanin na'urorinka, an gina ta a kan fasahar VPN ta WireGuard. Umarnin tailscale serve yana nuna shafinka ga na'urorin da ke cikin wannan da'irar kawai, wanda ya dace da abokan aiki da kuke tare kullum. Shi kuma tailscale funnel yana fito da shi ga kowa, ta ƙofofi uku kacal: 443, 8443 da 10000. Yana da wata falala da ba a cika faɗa ba. A yawancin bututun kyauta, rufin HTTPS a sabar kamfanin ake kwance shi, a karanta buƙatar, sannan a sake rufe ta a turo maka. Da haka ne ma suke iya saka shafin gargaɗi ko tambayar kalmar sirri. A Funnel kuwa, a kan na'urarka ake kwancewa, na tsakiyar yana miƙa abin da ba ya iya karantawa. Amma ga mai aikin da ba ruwansa da fasaha, ba zan sa shi girka manhaja don ya ga shafi ba, sai dai Funnel ɗin.

Akwai kuma tsohuwar hanya, wadda na fi son kowane mai koyo ya gwada ko sau ɗaya ne. Idan kana da ɗan sabar haya mai adireshi a fili, ssh -R 8080:localhost:3000 sunanka@sabar shi ne bututun gaba ɗaya. Abin da ya shigo ƙofa ta 8080 a can zai faɗo kan 3000 a nan. A yadda OpenSSH, manhajar da ke gudanar da ssh ɗin, ke zuwa, ƙofar a cikin sabar ɗin kawai take buɗewa, sai ka kunna GatewayPorts kafin ta fito waje. Ni ban cika kunnawa ba. Na fi son in sa Caddy, wata manhajar sabar, a gaba ya karɓo takardar shaidar HTTPS daga Let's Encrypt mai ba da su da kansa, ya tambayi kalmar sirri, sannan ya miƙa wa 8080. Ka haɗa da autossh don ya sake ƙulla haɗin idan ya yanke. Shafuka irin su localhost.run da Pinggy wannan SSH ɗin suke ba ka a kan sabar nasu, ba sai ka girka komai ba. In buƙatar ta girma, akwai frp da bore da sish da za ka kafa a naka. Shi kuwa localtunnel, wanda ake tashi da npx localtunnel --port 3000, yana aiki, amma ba shi zan dogara da shi ranar da mai kuɗi ke jira a waya ba.

To, duk wanda ka zaɓa, akwai abubuwan da za su karye a karon farko, kuma ba laifin bututun ba ne. Na farko, sabar ɗinka zai iya ƙin karɓar baƙon suna. Ya danganta da abin da ka gina shafin da shi: Django zai ce DisallowedHost, Rails zai ce Blocked host, webpack zai ce Invalid Host header, sababbin fitowar Vite ma suna tarewa. Wannan kariya ce da gangan daga wani hari da shafin mugu ke amfani da burauzarka ya kai ga abin da ke gudana a kwamfutarka. Ka ƙara adireshin bututun shi kaɗai a ALLOWED_HOSTS ko config.hosts ko server.allowedHosts. Kada ka saka alamar tauraro ka ce kowa ya shigo, domin irin wannan saitin na "bari in gwada" shi ke bin aiki har ranar da aka ɗora shi a sabar gaske. A Django 4 zuwa sama, fom ma zai ƙi tafiya sai ka saka adireshin, haɗe da https:// ɗinsa, a CSRF_TRUSTED_ORIGINS.

Na biyu shi ne ya fi kama mutane. Fuskar shafin tana kan 3000, bayansa mai ba shi bayanai yana kan 8000, kuma a cikin JavaScript ka rubuta http://localhost:8000 ƙarara. A wurinka komai lafiya ko ta bututun ka buɗe, saboda localhost ɗinka yana da 8000. A wurin mai aikin, shafi zai buɗe amma ba kaya ba farashi, don burauzarsa na neman 8000 a wayarsa. Gyaran shi ne fuskar ta riƙa kiran /api kawai, sabar gwajin ya miƙa zuwa 8000 ta ciki, sai bututu ɗaya ya wadatar. Hanyar gane wannan tun da wuri ita ce ka kashe Wi-Fi a wayarka, ka buɗe adireshin da datar layinka, ka bi shafin daga farko har biya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan shiga da asusun Google zai ƙi har sai ka yi rajistar sabon adireshin a wurinsu, kuma idan ka ga shafi yana ta juyawa tsakanin http da https, manhajarka ce ba ta karanta X-Forwarded-Proto, header ɗin da ke faɗin hanyar da baƙo ya biyo, ba, tana ɗauka baƙon ba ta rufaffiyar hanya ya zo ba.

Abin da ya fi damuna a wannan harka, kuma shi ya sa amsar ta yi tsawo, shi ne wannan: sabar gwaji an rubuta shi ne bisa zaton kai kaɗai ke magana da shi. Bututu yana rushe wannan zaton cikin daƙiƙa biyu, ba tare da sabar ɗin ya sani ba. Ka lura da yadda buƙatar ke isowa. Manhajar bututun a kwamfutarka take zaune, ita ce ke ƙwanƙwasa ƙofa ta 3000. Saboda haka a idon sabar ɗinka, duk wanda ya shigo daga ko'ina a duniya daga 127.0.0.1 ya zo. Duk wata ƙa'ida da ke cewa "idan daga cikin gida ne a bar shi ya wuce" ta zama ƙofa a buɗe. Na taɓa duba aikin wata tawaga da shafin shugabancinsu ba ya tambayar kalmar sirri idan buƙata daga localhost take, don sauƙin gwaji. Suka buɗe bututu don nuna wa abokin ciniki, suka bar shi kwana uku, kuma rumbun bayanan da ke bayansa kwafin na gaske ne, da sunayen mutane da lambobin wayarsu. Allah ya rufa asiri ba wanda ya shiga, amma ba wata dabararsu ce ta hana ba.

Yanayin gyaran kuskure ma haka. Django da DEBUG a kunne yana baje wa duk wanda ya jawo kuskure hanyoyin fayilolinka, saitunanka da guntayen rubutun manhajar. Na Flask ya fi haɗari, domin shafin kuskuren Werkzeug, manhajar da Flask ke tafiya a kanta, yana ɗauke da wurin buga umarnin Python a kan na'urar. A 2015 aka kutsa Patreon, shafin tallafa wa masu ƙirƙira da kuɗi, ta wani sabar gwaji da aka bari a fili, masu binciken tsaro suka nuna wannan shafin ne ke buɗe a kansa, bayanan mutane sama da miliyan 2 suka fita. Ba bututu ne ya jawo nasu ba, amma ramin iri ɗaya ne. Yanzu akwai lambar PIN a gaban wurin, sai dai masu Werkzeug da kansu sun ce kada a ɗauke ta a matsayin tsaro. Ko python -m http.server da ake ganin ba shi da illa, duk abin da ke cikin jakar da ka tashe shi yake rabawa, har da .env mai makullanka da jakar .git mai tarihin aikin duka.

Kada kuma tsawon adireshin ya ruɗe ka ka ce ba mai iya cankarsa. Adireshi yana yawo: a tura shi a WhatsApp, manhajar ta buɗe shi don ta nuna ɗan hoton shafin, wani ya tura wa wani. Idan kuma aka yanka wa sunan takardar shaidar HTTPS tasa ta kansa, kamar yadda ake yi a Funnel ko a Caddy ɗinka, sunan yana shiga kundin takardun shaida da kowa ke iya karantawa, kuma akwai na'urorin da aikinsu ke nan, su ga sabon suna su zo su lalube shi. Ka buɗe shafin 4040 ko rajistar sabar ɗinka bayan ɗan lokaci, kana iya tarar da baƙin da ba ka gayyata ba suna neman /.env da /wp-login.php.

Don haka ga yadda zan yi da a ce ni ne kai. Waya: adb reverse. Webhook: ngrok da adireshinsa na dindindin, makullan gwaji kawai na kamfanin biyan kuɗin, kuma manhajar ta tabbatar da sa hannun kowace sanarwa tun yanzu, tunda kowa na iya turo saƙon "an biya" zuwa wannan adireshin. Mai aiki: idan kallo ɗaya ne, cloudflared na wucin gadi, DEBUG a kashe, bayanan ƙarya a rumbun, kana gama wayar ka danna Ctrl+C. Idan kuma kwamfutar ta wurin aiki ce, ka nemi izinin masu kula da tsaro tukuna, don bututu yana ratsa katangar da suka gina ne ta ciki, kuma wurare da yawa sun hana shi.

Idan mai aikin ya ce yana son ya riƙa leƙawa duk lokacin da ya ga dama, da dare ko da asuba, to ya wuce aikin bututu. Da ka rufe murfin kwamfutar shafin ya mutu, kuma duk kuskuren da ka yi kana tsakiyar rubutu a idonsa zai faru. Nan sai ka ɗora masa kwafin gwaji a Netlify, Vercel, Render ko ɗan sabar hayarka, ka sa kalmar sirri, ka riƙa tura masa abin da ka gama kawai.